Yadda muka tada ƙafar gaban Fijo 504 ta Alhajinmu, da kuɗin da na fara zubarwa a banza

Motar nan tun ina firamare na santa, Peugeot 504 ce salun, fara, ƙirar 1984, mu dai Fijo muke ce mata kamar kowa. Alhajinmu ya saye ta yana aikin gwamnati, kuma haɗin Kaduna ce, dan kamfanin PAN da ke Kakuri tun 1975 ya fara haɗa motocin Peugeot a ƙasar nan, ita 504 ɗin a Turai tun 1983 aka daina yinta amma mu nan aka cigaba da fitar da ita har bayan shekara ta 2000. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, shekara 9 tayi a rumfa an lulluɓe ta da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, Hajiya ta hana a sayar ta kuma hana a taɓa, sai bara da kanta tace min in kana so ka tada ta ka tada, amma kar inga ta koma tasha tana lodin fasinja.

Inji bai bamu wahala ba wlh, sabon batir, wankin kafireto, filogi, aka zubar da tsohon mai, sai gata ta tashi tana huci. Ƙafar gaba ce ta nuna min ni yaro ne.

Abu uku take yi. Na farko duk ɗan ramin da ta faɗa sai kaji gwaram daga gaba ta hagu kamar an jefa tukunya a rijiya. Na biyu in na taka birki da ɗan ƙarfi sai ta fizgi sitiyari ta nufi hagu, in na saki ta dawo, kuma da na kai wajen 80 a kwalta sitiyarin zai hau rawa a hannuna. Na uku tayar gaba ta hagu tana cin cikinta, bakin waje lafiya lau amma ta ciki har ta fara yin sulɓi cikin ƴan makonni.

Garejin da nake kai motata ta yau da kullum na fara kaita, yaran wajen suna da ƙoƙari a motocin zamani ba zan ci haƙƙinsu ba, amma wanda ya duba ta ko jak bai sa ba, ya danna bonet sau biyu yace oga shokazoba ce. Na sayo guda ɗaya ɗan gwanjo aka sa a hagun. Ƙarar ta ragu na kwana uku ta dawo. Na koma akace taya-rod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, aka canza. Na sake komawa akace bushin ne, wato robar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma ba'a samun nata yanzu, bari a yanko daga tsohuwar tayar babbar mota, ai tafi ƙarko. Aka yanko aka dunƙula aka cusa aka ɗaure tam tana rataye a kan jak. Ranar motar ta zama kamar amalanke, duk tsakuwar da na taka sai naji ta a haƙorina, kuma jan da take in an taka birki yana nan daram. Zuwa uku, biya uku, ga tayar tana ƙara cinyewa.

Kawu ne yaji ina ƙorafi yace kai ma dai, wa ya aike ka, akwai dattijon da yake wa mahaifinka aiki yana nan da ransa a bayan tsohuwar tasha. Na same shi a ƙarƙashin dalbejiya yana shan shayi, garejin duk gawarwakin Fijo ne, 404 fikof guda biyu, wagon ɗin 504 ba ƙofofi, wata 505 akuya na kwance a kanta. Yana ganin motar ya gane ta tun kafin in gama gaisuwa. Yace ɗana wannan ba motar Alhaji bace? Nace itace Baba. Ya shafa mata bodi yayi masa addu'a, sannan yace kar ka faɗa min abin da aka canza, faɗa min abin da take yi.

Abin da yayi a awa ɗaya na farko shine ainihin aikin, sauran duk kwancewa da ɗaurewa ne. Bai fara da jak ba. Ya sa na ajiye ta a inda ƙasa ta daidaita, ya ja da baya ya tsuguna yana kallonta ta gaba, yace ka gani hagu tafi dama tsayi, na duba da kyau sai naga haka ne, ashe shokazobar gwanjon da aka sa min da sifirin ɗinta aka kawo kuma ba irin na daman bane. Ya sa yaronsa ya shiga ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan kaɗan hagu da dama shi kuma yana kwance a ƙasa hannunsa kan kowace gaɓa, yace ido na ƙarya amma yatsa baya yi, inda duk akwai lasko zakaji yana bugun ka. Daga nan ya sa aka tura motar a hankali aka taka birki farat ɗaya yana kallon tayar hagu, ni ma ya kira ni na gani, tayar gaba ɗayanta sai ta matsa baya cikin mudgad sannan ta dawo. Nan ne jan birkin yake, ba'a birkin ba sam.

Bari in ɗan tsaya in faɗi yadda ƙafar take dan wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba ya gane. Irin tsarin nan ne da ake kira MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi, wato shokazoba da sifirin a haɗe suke kamar turmi ɗaya a tsaye, samansa a ɗaure da bodi ta cikin bonet, ƙasansa kuma shi ke riƙe da hob, wato inda ake ɗaura taya, in ka juya sitiyari turmin ne ke juyawa shi yasa akwai boris a samansa. A ƙasa akwai lowa-am da ya fito daga kuros-memba, ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin gaban mota, ya riƙe gindin turmin ta bol-joyin, wata gaɓa mai kan ƙwallo da ke juyawa, wannan shi ke hana taya buɗewa waje ko shigewa ciki. Sai wani rodi da ya taso ta gaba a karkace ya shiga jikin lowa-am ɗin, shi aikinsa ya hana taya zuwa gaba ko baya in an taka birki ko an faɗa rami, kuma a inda suka haɗu akwai robobi biyu masu siffar mazurari suna kallon juna. Ga sitabilaiza mai rage wa mota kwanciya a kwana da ƴan sandunanta, ga rak na sitiyari, ƙarfen da ke tura tayoyi hagu da dama, da taya-rod. Shikenan. Ba wani abin mamaki a ciki, dogon sifirin ne mai laushi da doguwar tafiya sama da ƙasa, da robobi a duk inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, da wannan ne ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, da shi ta cinye gasar Safari ta gabashin Afirka a 1975, da shi kuma direbobin tasha suka yi ta gudu da ita a kan gargada fasinja na barci. Laushin da tsofaffi ke ba da labari rabinsa a roba yake, ka sa mata taya a madadin roba ka kashe abin da yasa ake sonta.

Da aka ɗaga ta, kuma bai yarda da jak kaɗai ba sai da aka tokare da kututture ta ɓangare biyu, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, akwai lasko. Yace yaron ya taka birki ya riƙe, ya sake girgizawa, laskon ya ragu amma bai tafi ba. Yace ka gane? Nace a'a Baba. Yace wanda ya ɓace da aka taka birki na boris ɗin taya ne, dan birki ya kame hob ɗin, wanda ya rage kuma bol-joyin ne, to kana da duka biyun. Ya kama ta gefe da gefe, nan sabon taya-rod ɗin da na saya lafiyarsa ƙalau, amma robar rak ta yage tun tuni, ya tura yatsa ya fito da wani baƙin abu kamar kwaɓin toka, giris ne da ƙurar harmatan suka haɗu, yace wannan ba giris bane kuma, sanfefa ce, tana cin ƙarfe duk juyin da kayi.

Lissafin da ya fito: robobin mazurarin nan na hagu sun narke dan baƙin mai na ɗiga a kansu shekara da shekaru, na dama sun bushe sun farfashe, bushin ɗin lowa-am na taya da aka cusa min har ya fara goge ramin da yake zaune, bol-joyin na hagu ya mutu na dama yana hanya, boris na hagu, robobin sitabilaiza duka, robar rak biyu, robar saman shokazoba ta hagu ta rabu da ƙarfenta wanda ita ce mai gwaram ɗin, sai shokazobar dama da ta zubar da manta. Na tambaye shi tsohuwar shokazobar hagun da aka cire fa? Allah ya taimake ni tana but ban yar ba. Ya ɗauko ya ja ya tura yace wannan lafiyarta lau, ta fi wadda ka saya, ka cire mai lafiya ka bar mara lafiya.

Nan muka ɗan yi gardama dan ni so nake a yi hagu kawai tunda nan ne ciwon, aljihu ya riga ya ji jiki. Yace ɗana in takalminka ɗaya sabo ɗaya tsoho ya zaka yi tafiya? Ko ayi biyun ko ka ɗau motarka. Raina bai so ba amma na yarda, kuma gaskiyarsa ne, gefe ɗaya mai tauri gefe ɗaya mai laushi shi ma jan mota yake kawowa.

Neman kaya ya ci sati biyu. Kayan 504 basu ƙare ba, akwai su a Panteka ta Kaduna akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano, matsalar ita ce rabe na kirki da jabu dan kwalin duk iri ɗaya ne da zanen zaki. Dattijon ya koya min abu biyu. Roba ka danna ta da farce, ta kirki zata shiga ta dawo, jabu ko dai tauri kamar robar bokiti ko kuma tana ƙyalli tana warin ƙonannen taya tana barin baƙi a hannu. Sannan wai tsohon ajiya da masu shago ke yi maka kirari da shi, orijina tun na da, in ƙarfe ne ka saya da gudu, in roba ce ka lanƙwasa ka duba, shekara talatin a shago cikin zafin nan namu ta riga ta tsufa ko ba'a taɓa sata a mota ba. Bol-joyin kuma sabo ya kamata ya yi tauri a hannu, in yana lilo da yatsa ɗaya ka ajiye. Saura kaɗan wani mai shago ya sayar min da wanda aka daddaka, wato tsoho ne ake bugun bayansa da guduma ya matse a cika shi da giris a sa sabuwar roba a fesa fenti, da ka juya shi zakaga sawun guduma. Wannan abin ni a ganina ba ha'inci bane kawai, neman ran mutum ne, dan ranar da bol-joyin ya fita taya kwanciya take a ƙarƙashin mota kana cikin gudu.

Ranar kwancewa tun daren jiya ya sa aka jiƙa duk notunan da man kwance tsatsa. Arewa bamu da matsalar tsatsa sosai, ƙarƙashin motar fes, sai wajen da ruwan batir ya taɓa zuba ya ci fenti, ya kankare ya ƙwanƙwasa da guduma yaji ƙarfen na nan da ƙarfinsa, aka shafa jan fenti aka wuce. Ya duba kofin da sifirin ke zama a kai da inda saman turmin ke ɗaure da bodi ko akwai tsagewa, babu.

Wajen cire sifirin ne naga ya canza fuska. Ya kori yaran da ke kallo, ya ɗauko wasu ƙugiyoyi biyu masu dogon zare da ya ce sun girme ni, ya kama sifirin ɗin ta ɓangare biyu yana ɗaure wannan kaɗan ya koma wancan kaɗan har ya saki kofin sama, sannan ya kwance notin tsakiya, kuma duk lokacin bai taɓa sa fuskarsa ko ƙirjinsa a saitin bakin turmin ba. Sifirin ɗin 504 dogo ne, nauyin gaban mota yake ɗauke da shi, in ka kwance notin nan ba ka matse shi ba zai tashi da duk abin da ya tarar. Ya nuna min wani tabo a haɓarsa bai ce komai ba. Na sha gani a gareji ana ɗaure sifirin da igiya ko waya, wasu ma yaro suke sawa ya taka, dan Allah in kaga za'a yi wa motarka haka ka matsa nesa ko ka hana.

Wani abin da ban sani ba sai ranar, shokazobar gaban motar nan ana buɗe ta. Akwai babban noti a bakinta, in ka kwance zaka zaro sandar da bututun ciki ka zubar da tsohon mai ka canza sil. Ta daman da ya buɗe man da ya fito bai kai rabin kofin shayi ba, baƙi ƙirin. Ya wanke komai ya ɗaga sandar a rana yana juyawa yana bi da farce, yace in akwai ƙuraje ko ta lanƙwashe ba amfanin sabon sil, zata yaga shi a sati, sai dai a sa irin na zamani da ake zurawa cikin turmin a ɗaure. Tamu sumul take. Aka sa sabon sil da man shokazoba, ya auna daidai wa daida a duka biyun, kuma ya gargaɗe ni kar in yarda wani ya zuba min baƙin mai ko man birki a ciki, na farko yayi kauri motar zata sandare, na biyu kuma cin sil yake. Sifirin ɗin asali guda biyu aka jera su a ƙasa tsayinsu ɗaya, suka koma, na gwanjon yana nan a garejinsa har yau.

Bushin bai buga da guduma ba, da noti mai dogon zare da guntun fayif ya jawo su ciki a hankali, ya shafa musu ruwan sabulu, yace giris da roba basa ga maciji. Boris ya cika shi da giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen.

To ga inda nake so duk mai tsohuwar mota ya buɗe kunne. Da aka gama haɗawa notunan da suka ratsa ta cikin bushin bai ɗaure su ba, ya kama su ne kawai da hannu. Aka sa taya aka sauke motar ƙasa, ya sa muka tura ta gaba da baya muka danna ta sau da yawa ta zauna, ya ce in shiga mazaunin direba yaronsa ya shiga gefe, sannan ya shiga rami ya ɗaure su tana tsaye da nauyinta. Dalili, robar bushin ba juyawa take a kan ƙarfe ba, murɗewa take kamar kana matse wanki. In ka ɗaure tana rataye a jak ƙafar na lilo ƙasa, da ka sauke motar robar ta riga ta murɗe tun kafin a je ko'ina, duk ramin da ka shiga ƙari ne a kan murɗin, wata biyu uku ta yage kace jabu aka sayar maka. Da yawan robobin da muke zagi ba laifinsu bane, a sama aka ɗaure su. Minti goma ne bambancin, kuma ban taɓa ganin an yi min haka a wani gareji ba tunda na fara tuƙi.

Alaimen a motar nan abu ɗaya ake gyarawa, shigar bakin tayoyin ciki ko waje ta taya-rod, kwanciyar taya kuwa ba wajen saita ta, in kaga ta kwanta to wani abu ya lanƙwashe ko roba ta mutu, kuma lanƙwasasshen lowa-am canza shi ake, ba'a gasa shi da wuta a miƙe. Shi da zare da tef ya gwada, washegari na kaita wajen masu na'ura dan hankalina ya kwanta, abin da suka taɓa kaɗan ne. Rawar sitiyarin kuma bata tafi duka ba sai da na canza tayoyi, dan na duba lambobi huɗun nan na jikin taya masu nuna sati da shekarar da aka yi ta naga sun haura shekara 12, zanensu da saura amma sun bushe, ɗaya ma ta yi ƙwai saboda zaman wuri ɗaya. Aka yi balansin, shiru.

Gwajin farko hanyar ƙauyenmu na bi, akwai wani kwalbati da bakinsa ya zaizaye wanda da sai na kusan tsayawa, na shige shi a giya biyu naji buf ɗaya a ƙasa, gaban ya nutse ya taso ya tsaya, ba gwaram ba lilo. Na saki sitiyari na taka birki ta tsaya a miƙe.

Yanzu wata 7 kenan. Abin da nake yi ba yawa, duk ƙarshen wata in na duba iskar taya sai in shafa hannu ta cikin tayoyin gaba inji ko sun fara cin gefe, in juya sitiyari har ƙarshe in leƙa robobin rak da na bol-joyin da tocilan, dan yagewar roba ɗaya a lokacin ƙura ko damina ita ke kashe ƙarfen da ke ciki. Ɗigar baƙin man da ta narkar da na farko an toshe ta. Wajen wankin mota na hana su fesa mata gas ko kananzir a ƙasa, suna ganin gata suke min wai yana hana ƙara, alhali roba yake ci. Bayan sati biyu da aikin na mayar masa ya sake bin notunan, ɗaya na sitabilaiza ya ɗan saki. A wata na biyar robar sandar sitabilaiza ta dama ta tsage, cikin waɗanda na saya da kaina ne ranar da bai raka ni ba, aka canza biyun, da ya ciro ta ya danna da farce ya miƙo min bai yi magana ba.

Hajiya ta shiga sau ɗaya na kaita gidan ƙanwarta, a hanya tace gaban ya gyaru amma bayan nan yana ƙara in an hau tudu, da can ba haka yake ba. Na faɗa wa dattijon yace ya ji tun ranar farko, jira yake in huce daga kuɗin gaba, in kawo ta bayan sallah.